Irin Geron Baba Ya Ƙare a Hannuna

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina baƙunta? Ya iyali, ya ƙafar taka? Mu nan Maraɗi da sauƙi.

Yaya, na yi ɓarna. Bana Kawu ya yanka mini gayauna a Jiratawa, ya ce in na cika rumbu a yi maganar aurena da Rabi. Inna ta ba ni ƙwaryar irin geron marigayi Baba. Sai ga gardin Kumandan, wato dogarin Bature, aka sa ni aikin dole a hanyar Tibiri. Don kar shuka ta wuce ni, kafin in tafi na yi binne tun ƙasa na bushe. Inna ta ce, "Isa, rage ko cikin tafi ɗaya." Na ce, "Inna, ruwa ya kusa." Ban rage ba.

Muna ɗaukar tsakuwa aka yi yayyafi, har na yi murna. Ashe iri kawai ya tsirar, rana ta biyo baya. Da aka sallame mu na tarar duk ya ƙone. Na bi rami-rami ina tono, ban samu ƙwaya ba.

Kawu ya daina zancen Rabi. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta wanke ƙwaryar ta kife. Da dukana ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. In ka tafi da ko zangarniya ɗaya ta geron Baba, don Allah ka aiko.

Ƙanenka,
Isa