Na ce wa Baba za a dawo masa da littattafansa

Assalamu alaikum Anti Mukarrama. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin ofishinmu ƙarami ne, ko tari mutum ya yi an san na wane ne. Kwana goma sha biyu suka rage mini, kuma na rasa ta inda zan fara.

Ni ce mai kula da kwamfutoci a ofishin shiyya na wata ma'aikatar gwamnati da ke hulɗa da manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan. Kada ki ɗauka wani babban abu ne. Kwamfuta biyar ce, da firinta mai cinye takarda, da wata tsohuwar na'urar ajiyar bayanai da nake kunna wa fanka kamar mara lafiya. Bara aka ba wani kamfani kwangilar aikin gaba ɗaya. Su za su kawo sababbin na'urori, su riƙe rajistar manoma a intanet, su gyara in ta lalace. Ni nawa zai koma buga musu waya in an samu matsala. Wallahi ban ƙi ba, na gaji da lallashin tsofaffin ƙarafa.

Damuwata wani dattijo ne, zan kira shi Baba Yahuza. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da ɗakin rajista, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Aminin marigayi mahaifina ne, shi ya tsaya mini waliyyi ranar aurena. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kama sunana ba, Inna yake ce mini, ko a gaban darakta.

Ranar da mutanen kamfani suka zo ɗaukar hoton manyan littattafan rajista, sai ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko in sun gama za a bar masa littattafansa. Anti, na riga na karanta takardar da ta zo daga hedikwata. Na san za a ba mu aronsu ne har a gama tantancewa, sannan babbar mota ta zo ta kwashe su zuwa ma'ajiya a Kaduna, a rufe ɗakin, shi kuma a ba shi tebur a baranda ba tare da wani aiki ba. Amma da na dubi fuskarsa sai bakina ya ce za a dawo masa da su, nan za su zauna. Ya yi hamdala, ya ce tunda Inna ta faɗa magana ta ƙare.

Tun daga ranar ya nemo zare da ƙaro, kullum yana zaune yana ɗinke waɗanda bangonsu ya yage, yana goge musu ƙura da bakin rigarsa. Ni kuwa na koma zagayawa ta bayan ofis don kada in bi ta ƙofarsa. Ni da nake fara durƙusa masa kafin in ajiye jakata. Jiya har ya aiko a tambaye ni ko ya yi mini laifi ne. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Ga kuma wata. Kin san a ƙauyukanmu kusan kowane gida ɗan fari Auwalu ne. A Furana kaɗai muna da Muhammadu Auwalu tara, kuma yawancinsu ɗaya ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa. Manhajar kamfani ta ga suna ɗaya, mazaɓa ɗaya, rana ɗaya, sai ta ɗauka maimaici ne, ta haɗe su suka koma mutum biyu. Baba kuwa ba ya ruɗewa, domin a gefen kowane suna yana da ɗan rubutun fensir: mai rake, ɗan Indo, na bayan masallaci, wanda ƙaninsa ke noma masa. Wannan rubutun bai fito sosai a hoto ba, kuma manhajar ba ta da gurbin laƙabi. Haka na gani a Gubuchi ma da na duba.

Yanzu an ajiye mini takarda in sa hannu cewa duk abin da ke cikin littattafan ya shiga na'ura. Da na sa, mota za ta zo. Darakta yana matsa mini, wa'adin sa hannun ne ya rage kwana goma sha biyu. In na ƙi, za a ce ina kare tsoho ne, ko ina baƙin cikin an karɓe mini aiki. In na sa, damina na zuwa mutum bakwai za su zo karɓar iri kwamfuta ta ce ba ta san su ba. Maigidana ya ce in sa hannu in yi shiru, Baba zai gane da kansa. Amma ni ce na yi masa ƙarya, Anti, kuma ban taɓa yi masa ba. Yaya zan yi?

Taki,
Inna daga Maƙarfi

Wa alaikumus salam 'yata.

Share hawayenki mu yi magana. Abu biyu kika ƙulle a ɗaure ɗaya, shi ya sa ya yi miki nauyi. Akwai takarda, akwai Baba. Takardar ta fi sauƙi, da ita zan fara.

Kada ki sa hannu a kan abin da kika san ba haka yake ba. Amma kada ki tsaya a ƙi kawai, don a nan ne masu surutu za su sami abin faɗa. Ki rubuta wa darakta shafi ɗaya cikin ladabi. Ki jera Auwalun nan tara, kowa da lambar shafinsa, ki nuna yadda suka koma biyu, ki haɗa da na Gubuchi. Ki nemi kamfani ya ƙara gurbin laƙabi, a kuma dakatar da mota har a gama gyara. Ba na jin kamfanin da mugun nufi ya yi, a birni aka tsara manhajar, ba su san yawan Auwalunku ba. Gyara irin wannan yana cikin aikin da suka karɓa, kuma gara su ji yanzu da su ji daga manoma a bakin ƙofa. Ki riƙe kwafin wasiƙarki. Ki kuma tuna, na'urar ce tasu, bayanan na hukuma ne da jama'a, ke kuwa idon hukuma aka bari a wurin. Aikinki ya wuce buga waya.

Sannan ki yi wa sabon tsarin adalci a ranki. Gara da ɗigon rufi ba sa jin kunyar littafi, kuma Baba zai yi ritaya ko an zo da kamfani ko ba a zo ba. Abin da ke kansa ya kamata a juye tun yana nan. Saboda haka a cikin wasiƙar ki nemi a sa shi a hukumance ya zauna da mutanen kamfani, suna karantowa yana tantancewa, mazaɓa bayan mazaɓa. Wannan ba alfarma ba ce, babu wanda zai iya aikin sai shi. Ya fi teburin baranda nesa ba kusa ba, ko da yake ban yi miki alkawarin darakta zai amince ba.

Yanzu Baba. Maigidanki sauƙi yake nema miki, na gane, amma ban bi shi ba. Tausayi ne ya sa ki ƙaryar, sai dai gudun da kike yi masa ya fara yi masa ciwo fiye da ita, tunda har yana binciken kansa ko shi ne mai laifi. Dattijo bai cancanci haka daga 'yar amininsa ba.

Kada ki gaya masa a ofis. Ranar Asabar ki shirya ki je gidansa da hantsi, ki gaishe da iyalinsa, ki zauna a ƙasa yadda kika saba. Ki faɗa masa kai tsaye: littattafan za su tafi, kin sani tun ranar, kunya da tausayi suka ɗaure miki baki, kina neman gafara. Kada ki yi ta kewaye-kewaye, kada kuma ki yi saurin lallashinsa da maganar sabon aiki. Ki bar shi ya yi shirunsa. In ransa ya ɓaci, yana da hakki. Mai yiwuwa ma ki tarar ya daɗe da zargin haka, mutumin da ya ga daraktoci sun zo sun wuce ba ya rasa gane take-taken ofis. Sai ya huce ki nuna masa sunayen da aka haɗe, ki ce kina bukatar taimakonsa, domin gaskiya kina bukata.

Rabuwa da ɗakin nan za ta yi masa zafi, kuma ba ki da ikon hana ta. Abin da ke hannunki shi ne bakin da zai ji labarin daga gare shi. Ki yi sauri ya zama naki, kada ya zama na direban da zai tsaya a kansa yana neman makulli.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ransa, ya sa Baba ya gama aikinsa da mutuncinsa.

Anti Mukarrama