Inuwar da Na Ƙi Shiga

Zuwa ga Khairiyya, sanyin idona, ruwan farko na damina a kan ƙasar da ta gaji da jira, zumar da ƙudan zuma suka ɓoye a can ƙololuwar kuka inda hannu ba ya kaiwa.

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ba shi da bakin gaisuwa. Ina gaida Abba da Umma, ina kuma gaida Yaya Amir, in har sunana bai zama abin da ake sassauta murya kafin a ambata a gabansa ba.

Na san Larabci ya fi miki sauƙi, ke da aka haifa a nan Riyad, kuma na san za ki yi ta tuntuɓe a kan Hausata ta Maraɗi kafin ki kai ƙarshe. Ki yi haƙuri, ya farin watana. Da Larabci na yi ɓarnar, shi ya sa harshena ya ƙi ya nemi gafara da shi. Na gwada, wallahi. Ni da nake karatun balaga, ilimin fasahar zance, ni da malamai ke yaba wa jimlolina, duk kalmar da na ɗauko sai in ji tana warin abin da na faɗa ranar nan.

Kin tuna zuwana na farko gidanku a unguwar Nasim bayan an sa mana rana? Na sha guga, jallabiyata fara ƙal, na haddace abin da zan ce wa Abba tun daga cikin mota. Ban kai ga zama ba sai ga yayanki, ƙato mai gemu har da furfura tsilli-tsilli, ya kama hannuna kamar mun yi shekaru tare, ya ja ni gaban talabijin, ya ce ba a shan shayi a gidan nan sai an gaida Mai Lema. Abba ya yi murmushi ya ce in zauna kawai, kowane baƙo da haka yake farawa.

To me na gani? Wani tsohon fim da aka ɗauka a Damagaram da kyamara ɗaya, hoton yana rawa, sauti yana zuwa yana komawa, akuya ta ratsa ta tsakiyar 'yan wasa ba wanda ya kore ta. Ga wani mutum ɗan shekara arba'in, takalmansa wari daban-daban, yana yawo a gari da lema mai faci, bai taɓa rufe kansa da ita ba. Jaki yake yi wa inuwa, da tulin albasa, da tsohuwa mai ƙosai, da ɗan sandan da ke korarsa. Kowa ya tarar sai ya ɗaga masa lema ya ce, “Ranka ya daɗe, rana ta dame ka?” Ba ya kuma motsawa sai an ba shi amsa: “Ta dame ni, amma ga shi ka zo.” Na zauna ƙiƙam kamar an dasa ni, ina cewa a raina wannan wane irin shirme ne, ina ɗalibin jami'a ina wannan?

Sai na ji dariyarki. Kina bakin ƙofa riƙe da faranti, kina dariya tun kafin abin dariyar ya iso, domin kin san yana tafe. Ya ke tattabarar zuciyata, wa ya koya miki irin wannan dariya? Kamar ruwa na gangarowa a kan tsakuwa, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya kwana a rufe. Ina cikin sauraronki aka zo wurin da Mai Lema ya kai ƙarar rana gaban alƙali domin ta narkar masa da alewa, aka yi ta jayayya tun hantsi har magariba, alƙali ya leƙa waje ya ce an ɗage shari'a domin wadda ake ƙara ta faɗi. Shayi ya biyo mini ta hanci, ya ɓata farar jallabiyar. Yaya Amir ya dinga bubbuga bayana yana shela wa Umma cewa wannan namu ne. Ban taɓa samun shaidar da ta kai wannan daɗi ba.

Daga baya na tambaye ki a waya me kike gani a fim ɗin da aka ce ko a garinsu bai yi kasuwa ba, wanda ɗan wasansa bai ƙara fitowa a wani ba. Kika ce da farko mutum yana zaton Mai Lema yake yi wa dariya, sai can ya lura cewa duk garin kowa sauri yake, kowa cuta yake, kowa yana kare girmansa, shi kaɗai ne yake duba wanda rana ke ci. Sannan kika ƙara abin da ya zauna mini a ƙirji har yau. Kika ce shi ne fim ɗaya da kika sani wanda mutum irin Yaya, babba mai zuciyar yaro, yake ciki, kuma a ƙarshe ba a warkar da shi ba, bai mutu ba, ba a taru ana kuka a kansa ba. Ya koma gida ne kawai ya ci tuwonsa, gobe ya sake fita. A wannan wayar ce kika gaya mini cewa ƙarfin Abba da Umma yana raguwa, kuma duk gidan da za ki shiga da Yaya za ki shiga, in na ga ba zan iya ba in faɗa tun ana ganin juna da mutunci. Me na ce miki? Na ce ɗakinsa zan fara shimfiɗa wa darduma kafin namu. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Kuma na so fim ɗin da gaske, kada ki ce don ke na yi. Na tarar ashe yana da jama'arsa a ɓoye. A unguwar Manfuha, ɗakin da Buraima ɗan unguwarmu ta Maraɗi yake kwana da abokan aikinsa magina, daga waya zuwa waya yake yawo. Mutanen da ke wuni a kan bene a Dir'iyya rana tana dafa su kamar dankali, su ne za su dawo su kewaye waya ɗaya, su yi dariya har da riƙe ciki, in aka zo wurin tsohuwa mai ƙosai kuma sai kowa ya tuna da mahaifiyarsa a gida. In biyu daga cikinsu suka haɗu a baƙala, ɗaya ya jefa tambayar, ɗaya ya cafe da amsar, mai shago yana kallonsu bai san me ake ciki ba. Ni ma na shiga sahu. Duk zuwana gidanku Yaya yana tsaye a ƙofa da lemarsa, ya tambaya, in amsa, sannan in cire takalmi.

Yanzu ga inda alƙalamina yake ja da baya kamar jakin da ya hango rami.

Asabar ɗin nan da muka fita shan iska Wadi Hanifa, ke da Umma kuna shimfiɗa a gindin dabino, Abba yana fama da butar shayi, ni da Yaya muna tafe a bakin ruwa. La'asar ta yi sanyi, iska tana kaɗa gefen abayarki, na ce a raina duniya ba ta taɓa yi mini kyau haka ba. Sai ga Dakta, malaminmu na balaga, wanda nake jiran ya rubuta mini takardar shaida domin ƙarin karatu, tare da Umair abokin karatuna da wasu 'yan ajinmu biyu. Na miƙa hannu ina jero gaisuwa irin ta littafi. Kafin in rufe baki Yaya ya buɗe lemarsa fat a kan Dakta, ya yi masa tambayar da Hausa, sannan ya juyo ya dube ni yana murmushi, domin ya san baƙon ba ya ji, ya kuma san ni ne mai amsawa.

Me ya rage mini, ya hasken idona? In amsa, in yi dariya, in ce wannan yayan matar da zan aura ne, ga ma'anar abin da ya ce. Numfashi ɗaya ya isa. Amma na ga Umair ya sa hannu ya rufe baki, na ga sauran suna kallon juna. Na ture lemar gefe. Na ce da Larabci, da kyakkyawan lafazi kuwa, a yi masa uzuri, miskini ne, ɗan maƙwabta, hankalinsa bai cika ba, taimaka wa iyayensa nake yi da fito da shi.

Ɗan maƙwabta! Ina na samo wannan kalma? A wane lungu na zuciyata take kwance tana jiran ranarta? Na manta, ko na so in manta, cewa a garin nan Yaya ya girma, Larabcinsa ya fi nawa tsufa. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Ya naɗe lemar a hankali, ya ɗaure igiyarta, ya ce wa Dakta yana ba da haƙuri. Shi kuwa Dakta, wanda na ji tsoron idonsa har na sayar da ɗan'uwana, ya dafa kafaɗarsa ya yi masa godiya, ya ce rabon da wani ya yi masa inuwa tun mahaifiyarsa tana da rai. Ba wanda ya nemi ƙaryar nan a wurina. Ni na kawo ta kyauta. Da na waiwaya na gan ki tsaye da kofuna a hannu, kusa ƙwarai, na san kin ji komai. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Muka tattara kaya muka koma gida. Washegari saƙonki ya zo, layi ɗaya: Yaya ya tambaye ki ko shi ɗan maƙwabta ne. Na kira, ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba. Abba ne ya ɗauki kirana daga baya, da muryarsa ta kullum, ya ce kowa lafiya, sai dai Amir ya ce a kashe masa talabijin, ya daina kallo. Khairiyya, mutumin da bai taɓa wuni bai gaida Mai Lema ba! Na shiga gidanku baƙo, aka ba ni wuri mafi kyau, na fita da abin da ya fi komai daraja a ɗakin.

Na je Manfuha ko zan sami sauƙi, na tarar suna kallo. Akwai wurin da yaran gari suke jifan Mai Lema, abokinsa mai shayi ya juya baya yana goge kofi kamar bai san shi ba. Sau nawa na ga wurin nan ina dariyar yadda yake goge kofi ɗaya ba ya ƙarewa? Ran nan na tashi na fita. Buraima ya biyo ni yana tambaya ko cikina ne, na ce masa e.

Na kuma je ofishin Dakta. Na tsaya a gabansa na ce ƙarya na yi, mutumin nan yayan matar da nake nema ne, sunansa Amir, kuma ya fi ni. Na faɗa wa Umair da sauran haka a gaban 'yan aji. Dakta ya saurare ni har na gama, ya ce ba shi ya kamata in gaya wa ba. Gaskiyarsa. Ban kawo miki wannan don ki yaba ba, magana zarar bunu ce, na san ba ta komawa. Na faɗa ne don ki san babu sauran wuri a garin nan da ƙaryar take tsaye.

Ya ke inuwar gawo a tsakiyar rani, ya ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, ya tauraruwar da matafiyi ke duba ya san gabas, ina zan kai wannan son in kin rufe ƙofa? Abinci ya zama mini ƙasa, littafi ya zama bango. Ina kewarki kamar yadda gulbin Maraɗi ke kewar ruwa in rani ya tsananta, yashi kawai da sawun shanu. Amma ba zan ce ki yarda da ni don ina shan wahala ba. Kin riga kin ji rantsuwata sau ɗaya, kin kuma ga abin da ta zama da aka gwada ta a gaban mutum huɗu. In kin ce ba za ki ɗora rayuwar yayanki a kan irin wannan kafaɗa ba, babu mai hankalin da zai zarge ki, ni ma ba zan zarge ki ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba a hannunki kaɗai yake ba. Ranar Juma'a zan zo masallacin unguwarku. Ki tambayi Yaya ko zai yarda in tsaya kusa da shi a sahu. Kada ki lallashe shi, kada ki gyara masa labarin, ki gaya masa Maulud ne, wanda ya faɗi abin nan. In ya yarda, bayan sallama zan ba shi haƙuri a bakin ƙofa, inda jama'a suka fi yawa, da Hausa da Larabci, in gaya wa duk mai kunne ko shi wane ne a wurina. In ya ƙi, zan koma sahun baya, in sake zuwa wata Juma'ar, ba kuwa zan ƙara damunki da takarda ba sai ranar da ya matsa mini wuri da kansa.

Ko kin amsa ko kin yi shiru, zuciyar nan ba ta da wata maƙwabciya, ke kaɗai ce a unguwar, kuma haka za ta zauna har a mayar da ni ƙasa.

Naki, mai sunkuyar da kai,
Maulud