Na'urar Kaka Tana Kunne Har Yau

Assalamu alaikum Yaya Abdurra'uf. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar ga ta iske ka cikin lafiya, kai da karatunka na kwamfuta can Zariya. Allah shi ƙara buɗi. Mu nan Sabon Birni lafiya lau, an gama yankan gero, Inna ta samu sauƙin ƙafarta. Waya ba ta shiga kwanakin ga, shi ya sa na ba direba takarda. Ka yi haƙuri da bokona, ka san a jikin waya na koye shi.

Yaya, na yi ɓarna, kuma wannan karon ba ta dariya ba ce. Na'urar ɗaukar magana da ka haɗa ka bar muna don Kaka, ranar Talata munka zaunar da ita ta yi magana tun hantsi har azahar. Ta jero sunayen kakanninmu, da yadda sunka taso daga Tozai, har kirarin gidanmu ta yi. Tana gamawa taubashiyata Mas'uda ta ce ita za ta fara saurare. Ni kuwa don in ja ta, na zare katin ajiyar magana daga na'urar na ɓoye cikin hula, ban jira fitilarta ta koma kore ba, alamar ta gama ajiya.

Na san ka gaya mani. Ka ce manhajar da ka rubuta ba ta taɓa katin da kanta, sai dai ta kira babbar manhajar da ke riƙe da na'urar ta ce buɗe, rubuta, rufe. Ka ce babbar takan amsa ta karɓa alhali abin yana hannunta, ba ta sauke shi a kati ba sai an yi mata kira na ƙarshe. Lokacin da kake bayanin ga ina bayanka ina kwaikwayon yadda kake gyara tabarau.

Na kai katin kasuwar garin Isa wurin Na'Allah mai gyaran waya. Ya duba ya ce sunan abin da munka ɗauka yana nan amma ciki babu komai, ya kuma ce ni ne babban shashashan da ya gani a makon nan. Ban musa ba. Kwana biyu bayan haka Kaka ta faɗi a ɗaki. Tana ci tana sha, tana gane kowa, amma harshenta ya yi nauyi, ba a jin abin da take cewa.

Abin da na riƙe shi ne ka taɓa cewa abin da ke hannun babbar manhajar yana nan muddin wuta ba ta yanke ba. To ban kashe na'urar ba, yau kwana tara. Na jona ta da batirin sola, na hana kowa caji, har Mas'uda ta daina faɗa da ni tana tsaronta in na fita. Ka rubuto mani ko akwai kiran da za a yi mata ta sauke abin, harafi bayan harafi, za ni kwafe shi daidai kamar rubutun allo. In kuma babu, ka gaya mani gaskiya.

Jiya Kaka ta nuna na'urar da hannu, tana son ta ji muryarta. Na ce mata tana ciki. Yaya, ka taimake ni kada maganar ga ta zama ƙarya.

Inna da Baba Usmanu suna gaishe ka, haka Nusaiba da Mas'uda. Ka gaida abokinka Maliki.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Fatihu