Jirgin Da Ya Zauna Kan Wutsiya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Tunda jirgin ruwan naku ya shiga inda waya ba ta kamawa, dole na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Ofishinku sun ce za su kai maka.

Baba ya samu sauƙi, amma ba irin wanda muke so ba. Bakin ya miƙe, yana kuma takawa da sanda. Hannun daman ne ya ƙi. Likitar gashin jiki ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in bai riƙa aiki da yatsun a watannin nan ba za su sandare, shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ka san abin da ya yi da ita? Mage ya ba. Wai shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran agogo ba za a mayar da shi jariri ba.

Ɗakin jiragensa kuwa, ko ƙofar ba ya kallo. Na shiga shara na tarar da 'yan jiragen yaƙin nan nasa na roba jere a kanta, duk sun yi ƙura. A kan tebur akwai wanda ya fara haɗawa kafin ciwon ya kayar da shi. Ya gama kujerar matuƙi, har bel ya zana mata, sauran sassan suna cikin kwali. Ina so in ƙarasa masa, ko ganinsa zai sa ya ɗan saki ransa. Ni dai ban taɓa riƙe gam ɗin nan ba, kai ne ɗan lelen da ake bari ya zauna a teburin. Takardar bayani kuma ka san halinsa, jefar da ita yake yi. Rubuto mini yadda ake yi, dalla-dalla.

Af, akwai wani gwangwani cike da matattun batiran agogo kusa da burusai. In zubar?

Ka kula da kanka.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a bakin injin. A gaishe da Baba, a gaishe da mage mai sabuwar ƙwallo.

Yau ke ce da neman darasi wurina? Duniya ta gyaru. To, saurara.

Kada ki ɓalle sassan da hannu, ki yanke su da ƙaramar askar nan mai jan mariƙi, sannan ki goge bakin da samfefa mai laushi. Ki gwada kowane abu a wurinsa kafin ki sa gam. Gam ɗin da tsinken ashana ake ɗibarsa, Yaya, ba miya kike zubawa ba. Ki sa kujerar matuƙi a ɓari ɗaya na jikin jirgin, ki rufe da ɗaya ɓarin, ki ɗaure da roba ya kwana. Sai fukafukai, sai wutsiya. Murfin gilashin kada gam ya taɓa shi, fari yake yi kamar ido mai yana.

Fenti toka-toka ne iri biyu, mai haske a ciki, mai duhu a baya. Ki sirka shi sosai, ki shafa siriri, ki bari ya bushe, ki sake. Na san ki da son gama abu a zama ɗaya. Tamburan fukafukai a ruwa ake jiƙa su har su zame daga takarda, ki ɗauke su da hantsaki. Tayoyi su ne ƙarshe. In kin gama, ki ajiye shi a gabansa da hannunki.

Gwangwanin ki bar shi inda yake.

Ki yi haƙuri da duk wannan nauyin da ke kanki ke kaɗai. Ina sane, kuma yana damuna.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Na bi maganarka tiryan-tiryan. Kullum na dawo daga aiki sai in shige ɗakin nan, warin fenti har a cikin abincina. Yatsuna sun manne da juna ba sau ɗaya ba. Amma wallahi jirgin ya yi kyau, ni kaina na yi mamaki.

Jiya bayan ya karya na kawo shi, na ajiye a teburin cin abinci a gabansa. Ina sakin hannu sai jirgin ya yi baya, ya zauna daram kan wutsiya, hanci a sama, tayar gaba tana reto. Na danna hancin, na saki, ya koma. Na sake, ya koma. Kamar akuya mai leƙen katanga.

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Me kika sa a hancin?”

Na ce, “Wane hanci?”

Ya ce, “Subhanallahi! Kin rufe jirgi babu nauyi a gaba? Batiran da ke gwangwani na ado ne?”

Tun da ya kwanta ban ji ya yi magana mai tsawo haka ba. Ashe irin waɗannan jiragen bayansu ya fi nauyi, sai an cusa musu wani abu a hanci kafin a rufe. Kai ka san wannan, Auta, ko ka manta? Har gwangwanin na tambaye ka!

Ya sa na kawo aska da gwangwanin. Ya ce sai an yanka ta ƙarƙashin hanci a zura batiran. Na ce in yanka, ya ce in taɓa in gani. Ya gwada da hagu, askar ta zame ta karce fentin. Sai ya ɗauki hannun daman da na hagu, ya ɗora a tebur, ya cusa askar tsakanin yatsun. Ta faɗi. Ya sake, ta faɗi ƙasa. Na sunkuya in ɗauko, ina ɗagowa na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ja sandarsa ya shige ɗaki, ko abincin rana bai ci ba.

Na so in faranta masa, na ƙare da nuna masa abin da ya rasa. Na yi kuka a kicin, ban ji kunyar faɗa maka ba. Yanzu shawarata in kwashe kayan ɗakin nan gaba ɗaya in kai wani wuri, ya daina ganinsu.

Allah ya dawo da kai lafiya, in ja kunnenka.
Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma ba ki haƙuri. Kunnena yana nan yana jiran ki.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki kwashe komai, kada ki gyara jirgin, kada ki tokare shi da wani abu. Ki bar shi a teburin cin abinci yadda yake, hanci a sama, a saitin kujerar Baba. Aska da gwangwani su zauna a gefensa. In za ki tafi aiki, ki tafi abinki, kada ki ce masa komai. Kin san shi. Mutumin da in ya je gidan mutane ya ga agogon bango ya karkace, ba ya iya shan ruwa sai ya miƙe shi.

In ban yi daidai ba, laifin nawa ne, zan ɗauka.

Auta

*

Kai Auta,

Bayan gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Yayarka ta ce za ta rubuta mini, na ƙi. Tun safe nake kan wannan.

Jirgin ya tsaya kan tayoyinsa uku. Ya ci mini makonni. Na yanke yatsa, na ɓata fentin hancin, amma ya tsaya. Yayarka tana da hannu, fukafukan sun zauna daidai, ka daina yi mata tsiya.

Ita har yanzu tana cewa mantuwa ka yi. Ni na san ƙarya ne. Jirginka na farko haka ya zauna kan wutsiya, ka yi kuka har da majina, na sa ka farke shi da kanka. Wanda aka yi wa haka ba ya manta nauyin hanci. Ja'iri.

In kun sauka, ka sayo mini toka-toka mai duhu, nawa ya bushe. Ka haɗo da sabon kwalin jirgi, mai inji biyu. Kada ka sayo mai sauƙi.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka, da hannun dama