Lambar da ta fito a ƙarƙashin fenti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye min suna. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kwana biyu yana cina kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni dattijo ne a Talata Mafara, na ba saba'in baya kaɗan. Matata ta rasu shekara shida ke nan, yara duk suna birni, sai dai waya ranar Juma'a. Abin da nake yini a kai wata tsohuwar akori-kura ce da ke zaurena. Ita na tuƙa ina saurayi a kamfanin Turawan da suka gina dam ɗin Bakolori, da suka tashi tafiya na saye ta a gwanjo, ta yi min aiki har ta gaji, na jingine ta kaji suka mai da ta gidan ƙwai. Bayan rasuwar Hajiya gidan ya yi min faɗi, na ce bari in tayar da motar. Mutanen unguwa sun sha dariya, wai Alhaji ya yi amarya mai ƙafa huɗu. Ban damu ba, kabureta kaɗai na kwance ta ya fi sau goma, lagireto kuwa sai da na sa aka tono min shi wajen 'yan gwangwan a Gusau.

Inji na iya, bodi ne ya gagare ni. Nan na haɗu da wani mai gyaran bodi daga Bakura, bari in kira shi Malam Isa. Da farko aiki ya kawo shi, daga baya ya zama duk Talata in ya ci kasuwa sai ya biyo, mu shimfiɗa tabarma gefen mota, ya yi ta bubbuga ƙarfe ina miƙa masa kaya muna gardama. Shi ya ce tsufa ya sa na fiye mita, ni na ce hannunsa ya fi bakinsa hankali. Shekara huɗu muna haka. Wallahi tun ranar Lahadi nake fara ɗokin zuwansa.

Watan jiya muka zo kan fenti. Na ce asalin launinta nake so, don haka ya shiga goge ƙofar direba da samfefa, fari ya fita, shuɗi ya fita, sai ga kore na kamfani da lambar motar a jiki. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Alhaji, wagga mota ita tak kwashe mu.”

Ashe shi ɗan ɗaya daga ƙauyukan wajen Maradun ne da ruwan dam ya ci. Ya ba ni labarin ranar da aka tashe su, yana ɗan shekara sha biyar, shi ya yi ta loda kayansu a baya. Mahaifiyarsa tana da dutsen niƙa da ta gada wajen uwarta, ta ce a ɗora, direba ya ce ya yi nauyi, zai karya masa sifirin. Ta roƙa, ya ƙi. Bayan kwana uku ta koma da ƙafa da jakin aro, ta tarar ruwa ya rufe gidan. Har ta rasu tana maganar dutsen nan.

Ya ce, “Ba dutsen ad damuwata ba. Ta duƙa bakin tagar direba tana roƙon yaro sa'an ɗanta, shi ko hitowa bai yi ba, goge gilashi yakai.”

Jama'a, ni ne direban nan. Na tuna matar, zane baƙi ta ɗaura. Na tuna tsumman da ke hannuna. Babu Baturen da ya hana ni, babu wanda zai tambaye ni in na ɗauka, son motar ne kawai, ba na son abin da zai taɓa ta. Kuma gaskiya dutsen ba zai karya komai ba, na sha ɗora wa motar buhunan siminti da suka fi shi nauyi. Shi bai gane ni ba don bai ga fuskata ba a ranar, ni kuma tun farko abin da na faɗa masa shi ne a gwanjo na saya, ban taɓa cewa na yi aikin kamfani ba, don a nan ƙasar tamu, inda dam ya raba mutane da gidajensu, ba kowa ake faɗa wa haka ba. Da ya tambaye ni ko na san wanda ya tuƙa ta a lokacin, na ce direbobin suna da yawa. Kunyar wannan amsar ta fi damuna da ta dutsen.

Bai daina zuwa ba, ƙara ƙwazo ma ya yi. Ya fesa koren da hannunsa, ya sake zana lambar tsaf. Yanzu mota ta tashi, bugu ɗaya take kamawa, amma ni ko zauren ba na son shiga. Ya ce fitarta ta farko yana so in kai shi bakin dam, ruwa ya ja baya bana, ana hango tudun da gidansu yake, zai yi wa mahaifiyarsa addu'a a wurin. Ya ce shi zai zauna gaba, don wancan karon a baya ya zauna kan kaya.

Na kira babban ɗana na fara kawo zancen, ya ce abin da ya wuce shekara arba'in a bar shi, ya tambayi hawan jinina, ya ajiye waya.

To ku faɗa min. In gaya masa kafin mu tashi, in nemi yafiyarsa tunda mahaifiyarsa ba ta raye? Ko in ja bakina in tuƙa shi, yana gefena yana addu'a? Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron ya tattara gudumarsa ya tafi. In ya tafi, babu wanda ya rage da ke yi min sallama a ƙofar gida.