Madara Mai Koren Murfi

Litinin, 3 ga Maris
Na yi jika! Mace. Kunnuwana sak, ko da tsohuwa, matata, ta ce Allah ya kiyaye. Ina kiranta Ƙanƙanuwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Nonon 'yata bai kawo ba. An gwada madara kala uku, duk ta amayar, sai mai koren murfi kaɗai ta zauna mata. Na je babban kanti na kwaso gwangwani shida. A makarantarmu ta manya ta yamma na faɗa wa kowa. Direba, tela, har malaminmu, duk sun ce ita za su sayo su kawo wa jaririya.

Asabar, 15 ga Maris
Farashi ya tashi. A allon nan mitsitsi da ke jikin kanta, ina tsaye lambar ta canza a idona. Na cire tabarau na goge. Shekara uku ina koyon karanta lamba, yanzu ita ce ba ta tsayawa a karanta ta.

Talata, 25 ga Maris
Babu ko ɗaya a kanta. Na ce a kira mini wanda ya ƙara kuɗin. Mai karɓar kuɗi ta ce, "Baba, ba mutum ba ne, na'ura ce. Ta ga an yi wa madarar rubdugu a unguwar nan cikin kwana biyu, ta ɗauka nema ya yi yawa." Na ce waɗanne marasa tausayi ne suka kwashe? Ta duba. "Wani ya ɗauki shida ranar Alhamis..."
Na ce ta bar maganar.

Laraba, 26 ga Maris
Ban gaya wa tsohuwa ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Saura gwangwani ɗaya da rabi. Kantuna huɗu na zaga, ƙafata ta kumbura. Yarinyar kantin ta ce in yi katinsu, in rubuta akwai jaririya a gida, sai na'ura ta riƙa ware mana duk mako. Na ce sirrin gidana zan miƙa wa ƙarfe? Ta ce, "Baba, ta riga ta san kana sayen man zafi duk wata." Rashin kunya.

Lahadi, 6 ga Afrilu
'Yata tana kankare gindin gwangwani da cokali. Ta dama ɗan abin da ta samu ta ba Ƙanƙanuwa. Da ma ta yi faɗa.

Talata, 8 ga Afrilu
Jiya na cike takardar katin, da hannuna, ban bari an taya ni ba. Wurin "yara a gida" na rubuta 1, na sake bi ta kai don ya fito sosai.
Da hantsi yau saƙo ya shigo: madara ta iso, an ajiye mini biyu. Na karanta sau uku. Ba wai na yarda da na'urar ba ne.
A kanta na ga guda tara a jere. Hannuna ya kai. Biyun na ɗauka.