Salatin Aro

Madarumfa, daren Talata, bazarar 1995

Yau baƙin furoje, masu aikin raya karkara, suka zo daga Maradi ganin garkar haɗin gwiwa ta bakin tabki. Babu abin da ya tsiro cikinta, don injin ban ruwan bai taɓa kwana garinmu ba. Shi ya sa tun da asuba Sani, shugaban kwamiti, ya sa aka tumɓuke salatin ubanshi, Yaya Ilu, wan mijina marigayi, aka dasa cikin hilin furoje layi-layi, aka yayyafa ruwa.

Baƙi suka yi ta tafi, suna cewa Madarumfa ta ci gaba. Da za a ɗauki hoto Yaya Ilu ya matso, Sani ya ce, "Baba, ja baya, rigarka duk taɓo ce." Gaban mutane! Tsohon ya ja.

Kafin la'asar salati ya yi yaushi, ya kwanta. Injin da aka kawo don baƙi kuwa an ɗora shi mota zuwa garin Safo, gobe su ke da baƙi.

Na iske Yaya Ilu tsugune yana tsintar ganye. Ya ɗago ya ce, "Hadiza, kin ga abin da aka yi mani?"

Na gani. Hilin nan garkar mijina ce. Yaya Ilun ne ya miƙa wa 'yan furoje ita bara, ina cikin takaba, ya ce mace ba ta iya rijiya.

Na ce, "Yaya, bar man ganyen, akuyata na so."

Ta cinye tas. Ni ma na ci tuwona da daɗi.